Kakana Magini, Haihuwar Shekarar 1313

Daga Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Kakana na wajen uba ya rasu a watan Rajab na bana, 1388, da hantsi, a ɗakinsa na ƙasa a unguwar Misfala. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Mu'alla. Ni ce jikarsa ta fari, ni da Gwaggo, ƙanwar Babana, muka yi jinyarsa. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na sani game da shi, saboda yaranmu masu tasowa, waɗanda Hausar ma ba ta gama zama a bakinsu ba. Mu Kaka muke ce masa. Su kuma Sidi suke cewa, irin na mutanen Makka, kuma duka biyun yana amsawa.

A zaman makoki an jera kujeru a lungunmu don maza, mu mata muna sama. Ta tsakanin katakon taga na riƙa leƙen masu zuwa. Na ga wani tsoho ɗan Yaman da ya daɗe yana ɗauko wa Kaka dutse. Bai karɓi gahawa ba, bai yi magana da kowa ba, ya jingina da bangon gidanmu yana shafa shi da tafin hannu har aka tashi. Na ga Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ba ya zama a wuri bai sa mutane dariya ba, ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Baba yana tsaye a layin masu karɓar gaisuwa, ana ce masa Allah ya ba da lada, yana cewa amin, bai ƙara komai a kai ba.

A ɓangarenmu kuwa, maƙwabciyarmu mai ƙosai ce ta ba mutane mamaki. Tsohuwa ce da ta zo Makka ta hanyar Sudan, mijinta ya daɗe da rasuwa. Al'adar garin nan shinkafa ake dafawa a gidan rasuwa, amma ita sai ga ta da tire cike da ƙosai. Ta ajiye, ta zauna a bakin ƙofa, ta ce da Gwaggo, "Yau wanda ya rufa mini asiri ya tafi." 'Yan matan da ke wurin suka kalli juna, don ba su san zancen ba. Gwaggo ta sani, ni ma na sani, zan kuma zo kansa.

A ƙasar Kano aka haifi Kaka, amma bai riƙe komai nata ba sai wata bishiyar tsamiya a ƙofar gidansu da muryar kakarsa. Yana ƙarami iyayensa suka bi ayarin masu yin gabas. Suka yi noma a Cadi, suka yi a Sudan, mahaifiyarsa ta rasu a hanya, bai iso Makka ba sai da gemu ya fara fito masa. Ya fara da kwaɓa farar ƙasa a ƙarƙashin wani babban magini, ya koma sassaƙa dutse, har ya kai ana ce masa Mu'allim, wato ubangidan magina.

Duk gidan da Kaka ya shiga, kafin ya gama gaisawa ya riga ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa. In ya ji sautin rami sai ya dubi mai gida ya ce, "Bangonka yunwa yake ji." Ya taɓa yin haka a gidan surukaina ranar da aka je ganin ɗakin da za a kai ni, Gwaggo ta kusa nutsewa don kunya. Washegari ya koma da kayan aikinsa ya gyara musu, bai karɓi ko shayi ba. Ni kuwa amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika. In na kawo masa abinci sai ya ce, "Amarya, wannan miyar ta wancan mijin naki ce, ni kawo mini tawa." Ni kuma in ce, "Tsoho mara haƙori, me za ka tauna?" Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Shekarar haihuwarsa ma labari gare ta. Lokacin da ya nemi takardar zama ɗan ƙasa, sai aka ce dole alƙali ya tabbatar da shekarunsa. Kaka bai san su ba. Alƙali ya tambaye shi ko akwai wani babban abu da ya faru yana yaro wanda kowa ya sani. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, shekarar da Nasara suka shiga Kano ina famfarar haƙori. Na gaba ma a hanya ya fita, muna gudu." Aka kira wani dattijo cikin mutanenmu da ya san wannan shekara a lissafin Hijira, alƙali ya cire shekarun yaro mai famfara, ya ce a rubuta 1313. Kaka ya ce sai da ya danne dariya a gaban alƙali, domin wannan lambar ya fi kowa saninta. Ita ce aka sassaƙa a dutsen saman ƙofar gidan da ya koyi aiki a cikinsa.

Gidan na wasu attajirai ne, kusa da Harami, dogon gini na dutse mai roshan, wato tagogin katako masu sassaƙa da ke turowa waje, iska ta shigo ido bai shigo ba. Tun yana saurayi duk gyaran gidan a hannunsa yake. Daga ranar da ya dawo daga wurin alƙali ya koma kiran gidan sa'ansa. In zai fita sai ya ce, "Zan je in duba sa'ana, ya fi ni tsagewa." Da aikin faɗaɗa Harami ya iso wurin, aka ce za a rushe shi. Kaka bai yi ƙorafi ba. Ya ce Ɗakin Allah ne ya buƙaci wurin, kuma baƙin Allah sun fi gidan yawa. Abin da ya roƙa kawai shi ne a bar shi ya sauke roshan ɗin da hannunsa, kada a fasa su. Shi da Baba suka yi aikin. Bayan nan ya daɗe ba ya bi ta wannan ƙofar in zai shiga Harami.

Baba shi ne ɗansa na fari, don haka Kaka bai taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda iyayensa suka yi masa. "Wancan" yake cewa. Da Baba ya bar dutse ya koma kwangilar siminti da rodi, sai ya zama "mai siminti". Ba faɗa suke yi a kan haka ba. Kaka ya san zamani ya juya, har yakan je ya tsaya yana kallon yadda ake zuba kankare, ya dawo yana girgiza kai yana murmushi.

Faɗansu a kan tagogi ya zo. 'Yan shekarun baya Baba ya gina masaukin alhazai a filin da ke jikin gidanmu, bene mai hawa uku, ginin da ya zuba duk ƙarfinsa a ciki. Ya fitar da manyan tagogi ta ɓangaren kudu don ɗakunan su sha iska. Ta nan kuwa gidan mai ƙosai yake, ɗan ƙarami, ita da 'ya'yanta mata. A tsakar gida suke girki da wanki, in zafi ya yi kuma a saman soro suke kwana kamar kowa a Makka. Ta zo ta sami Baba ta ce, "Ɗana, ka buɗe mini gida. Mazan duniya za su sauka a ɗakunan nan." Baba ya ce zai sa labule. Ta ce labule hannu ke ɗaga shi. Ya ce gini ya riga ya ƙare, ta yi haƙuri. Da ta ga ba ta da wata hanya, sai ta kai ƙara.

A irin wannan shari'a alƙali yakan tura tsofaffin magina su je su gani su kawo masa bayani, kuma Kaka ya daɗe cikin waɗanda ake turawa. Da alƙali ya gane cewa wanda ake ƙara ɗansa ne, sai ya ce zai nemi wani, domin ba a karɓar shaidar uba don amfanin ɗansa. Kaka ya ce, "Na sani, Allah ya gafarta malam. Amma in shaidar da za ta kayar da shi ce, ai ana karɓa. A bar ni in je in gani." Maigidana yana wurin, ya ce Baba ya juyo ya dubi Kaka kamar bai taɓa ganinsa ba.

Suka je tare da ɗan aiken kotu da wani magini. Kaka ya sa aka jawo gado ƙarƙashin taga, ya hau ya tsaya a kai, kamar yadda ubangidansa ya koya masa, don baƙo ma zai iya yin haka. Bai daɗe ba ya sauko ya kawar da kai. A gaban alƙali ya ce, "Na ga murhunta, na ga shanyarta, na ga inda 'ya'yanta ke shimfiɗa. Wannan cutarwa ce." Alƙali ya yanke hukunci a toshe tagogin.

Da yammacin ranar ina gidan, ina jin su daga zaure. Baba ya ce, "Baba, da ka kira ni a ɗaki ka faɗa mini."

Kaka ya ce, "Na faɗa maka tun ana aza tubali. Ka ce injiniya ya zana."

"To sai ka tsaya a gaban mutane ka kayar da ni? Alƙali da kansa ya ba ka hanyar fita."

"In na fita, wa zai shiga? Matar nan ba ta da namiji a gida. Da ƙanwarka ce fa?"

Baba ya ce, "Ɗakin da ba taga wane alhaji zai kwana a ciki? Ka gama da ni." Ya sa takalmi ya fita.

Kafin aikin hajjin wannan shekarar Baba ya kwashe mahaifiyata da ƙannena ya koma unguwar Shisha. Bai yanke zumunci ba, yana tsoron Allah. Duk Juma'a yakan zo, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki ya ce, "Barka da Juma'a, Baba," Kaka ya ce, "Barka kadai," shi ke nan. Ba ya zama, ba ya cin abinci. Kaka kuwa, yana da kusan shekara saba'in, ya sa aka kafa masa katako ya hau benen. Maimakon ya toshe tagogin ɗungurungum, sai ya jera jan bulo a karkace, baki-baki, yadda iska za ta shiga amma duk wanda ya leƙa sama kawai zai gani. Ya ɗauki lokaci yana yi shi kaɗai da tsohon nan ɗan Yaman. Alƙali ya aiko aka duba, aka amince. Alhazai suka sauka a ɗakunan, mai ƙosai ta ci gaba da kwana a sororta. Baba bai ce an gode ba, Kaka kuma bai taɓa tayar da zancen ba. Sai dai ranar Juma'a na lura yakan sa Gwaggo ta dafa tuwon da Baba ke so, a rufe a ajiye, in Baba ya tafi a ba yara.

Tarin da muke ɗauka na dariya ne ashe ciwo ne. Bara ya tsananta, har ba ya iya taka matakala. Da ƙyar muka shawo kansa ya je asibiti, ni da maigidana muka kai shi. Likitan ɗan Masar ne, mai fara'a. Ya ce sai an ɗauki hoton ƙirji. Kaka ya ce shi bai taɓa tsayawa an ɗauke shi hoto ba sai na takardar zama ɗan ƙasa, wanda aka tilasta masa. Likita ya duba shekarar haihuwarsa, ya yi ɗan lissafi, ya yi dariya ya ce, "Ya Hajj, 1313 ai ita ce 1895 a lissafin Turawa. A shekarar nan aka gano hasken da ke ratsa jiki ya nuna ƙashi. Kai da shi sa'o'i ne, ba za ka ƙi sa'anka ba." Na fassara masa abin da bai kama ba. Kaka ya ce, "To, in sa'ana ne ya duba. Yaro ne ba zan tuɓe wa riga ba."

Da aka kawo hoton likita ya ɗaga shi a haske, ya nuna mana fari-fari da ya cika huhun, ya ce ƙurar dutse ce ta shekara da shekaru, kuma ba ta fita. Na juya baya don kada Kaka ya ga idona. Shi kuwa ya matso ya ƙura wa haƙarƙarinsa ido, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya jera waɗannan. Amarya, dubi yadda ya ɗaure rufin." A mota ya ce kada a gaya wa mai siminti, yana da aiki a hannu. Na gaya wa Baba a ranar. Juma'ar da ta biyo baya ya zo da tuffa da lemo, ya miƙa wa Gwaggo, ya tsaya a inda ya saba tsayawa.

Kawu ne ya kawo abin da ya shigar da Baba cikin ɗakin. A Jidda yake da shagon gyaran rediyo da na'urar majigi, wadda wasu iyalai ke haya su kalli fim a tsakar gida. Kaka ba ya son wannan sana'a. Yakan ce masa, "Kai dai inuwa kake sayarwa." Da Kawu ya ji labarin likita sai ya ce, "Ai Baba kana da wani sa'an. Majigin ma a shekarar aka fara nuna wa jama'a shi." Kaka ya ce, "Wannan sa'an bai yi tarbiyya ba, kada ka kawo mini shi gida."

Amma ya kawo. Wani daga cikin 'ya'yan attajiran nan masu tsohon gida ya kai masa na'ura gyara, da ɗan guntun fim a jikinta wanda ya ɗauka da kansa kafin a rushe gidansu. Kawu yana gwadawa ya ga abin da ke ciki, ya roƙi aro. Ya iso ranar Juma'a bayan la'asar, daidai lokacin da Baba ke tsaye a bakin ƙofa. Ya durƙusa gaban Kaka ya ce, "Baba, ba waƙa, ba rawa, ba mace a ciki. In ka ga abin da ba ka so, ɗaga hannu kawai in kashe." Gwaggo ta sa baki, ni ma na sa. Kaka ya ce, "Kun taru a kaina." Muka rataya barguna a taga, ɗakin ya yi duhu. Kawu ya ce da Baba, "Yaya, ko ka shigo ko ka fita, haske na shigowa ta ƙofar." Baba ya shigo ya ja ƙofa, ya tsaya a jikinta.

Na'urar ta fara ƙara, sai ga gidan a jikin bangon ɗakin Kaka, yana ɗan rawa, ba launi ba sauti. Ga ƙofar, ga dutsen da lambar a kai, ga roshan hawa bisa hawa. Kaka ya yunƙura ya zauna sosai. Bai ɗaga hannu ba. Sai ga mutum biyu a kan katako suna sauke wani babban roshan da igiya. Ɗaya Kaka ne, da ƙarfinsa, rawani a ɗaure. Ɗayan Baba ne. Ana cikin saukewa ƙafar Kaka ta zame, Baba ya saki igiyar da hannu ɗaya ya cafke shi a ƙugu, ya riƙe har ya daidaita. Kaka na cikin hoton ya juyo ya faɗa masa wata magana, su biyun suka yi dariya. Daga nan fim ɗin ya ƙare, bango ya koma fari.

Can Kaka ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Me na ce maka a wurin nan? Na manta."

Daga bakin ƙofa Baba ya ce, "Cewa ka yi in riƙe katakon mutane, kai ba za ka fashe ba."

Kaka ya fara dariya, tari ya taso masa mai tsanani. Kafin ni ko Gwaggo mu kai gare shi, Baba ya riga ya tsallake ɗakin ya zauna a bakin gado, ya tallafe shi a ƙirjinsa yana shafa masa baya. Da tarin ya lafa bai tashi ba. Kaka ya ce da Kawu, "Maimaita." Aka maimaita har aka kira magariba. A ranar Baba ya ci tuwon Juma'a a gidan.

Ban taɓa jin sun yi zancen tagogin nan ba, ko a lokacin ko bayan haka. Baba dai ya koma zuwa kullum bayan ya tashi daga aiki. Shi ke yi masa aski, shi ke ɗaukarsa zuwa alwala. Wata rana na shiga da shayi na tarar Baba yana ba shi labarin wani gini da yake yi a unguwar Ka'akiyya, ƙasar wurin tana ba shi wahala, Kaka yana zana masa yadda zai yi da harsashin a kan tabarma da yatsa. Da Baba ya fita Kaka ya kira ni ya ce a hankali, "Amarya, wancan ya iya aiki. Kada ki gaya masa." A hannun Baba Kaka ya cika, yana maimaita kalmar shahada, Gwaggo na riƙe da ƙafarsa.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, maigidana ne ya ba ni labarin abin da ya faru a can. Baba ne ya shiga kabarin ya karɓe shi ya kwantar. Da aka zo jera duwatsun da ake rufewa da su, ɗaya ya ƙi zama daidai, ya bar 'yar kafa a gefe. Masu aikin wurin suka ɗauki shebur, suka ce ba komai, ƙasa za ta rufe. Baba ya ce su dakata. Ya cire mayafin kansa ya miƙa wa maigidana, ya durƙusa da fararen kayansa, ya ɗaga dutsen shi kaɗai, ya share ƙarƙashinsa da hannu, ya juya shi, ya mayar. Ya nemi ƙananan duwatsu ya cusa a gefe, ya sa aka kawo ruwa ya kwaɓa ƙasa ya liƙe duk wata kafa. Mutane suna tsaye a rana, ba wanda ya ce masa ya yi sauri. Sai da ya danna dutsen da tafin hannu ya ji bai motsa ba, sannan ya miƙe ya ce, "Yanzu ku zuba."

Ya Allah, ga baƙonka nan ya zo maka daga nesa, ya tsufa a maƙwabtaka da Ɗakinka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa, ka sanyaya masa ƙirjin da ya sha wahala. Mu da ya bari, ka ba mu haƙurin rashinsa, ka sa mu cika da imani. Amin.